Fasfo ne ke zaɓar jirgin ruwa, ba bidiyon Instagram ba

Tun da na sa hotunan yawon da muka yi ni da maiɗakina a jirgin ruwan shaƙatawa saƙonni ke ta shigowa, kuma kusan duk tambayar ɗaya ce: wane kamfani ya fi, sannan ta ina ake biya? Wasu ma sun riga sun gama zaɓe a ransu, sun ga bidiyon Icon of the Seas na Royal Caribbean, ƙaton nan da ya fara aiki a Janairun 2024 daga Miami mai ɗaukar fasinja sama da 7,000 in ya cika maƙil, ga wuraren wanka ga lilo ga gidajen cin abinci rututu, shi kawai suke so. Sai in ce madalla, kana da bizar Amurka? Sai a yi shiru.

To nan ne zancen yake. Masu yin bidiyon nan a YouTube yawanci fasfon Amurka ko Ingila ko Jamus ne a aljihunsu, su daga jirgi suke farawa, wanne ya fi abinci wanne ya fi nishaɗi, maganar biza ba ta ma zuwa bakinsu. Mu masu koren fasfo ta baya ake faro mana lissafi. Ka fara duba wace ƙasa ce za ta bar ka ka shiga, daga nan ka ga wace tasha ce jirage ke tashi a can, sai a lokacin ne sunan kamfani zai shigo, kuma zaka tarar jerin ya ragu da kansa zuwa biyu ko uku ba tare da ka sha wahalar zaɓe ba.

Bari in ɗauke su ɗaya bayan ɗaya amma ba daidai wa daida ba, don wasu ba su da wani dogon bayani. Karibiyan, wato Bahamas da Jamaika da su Mexico, mafi yawan jiragen daga Florida suke tashi, Miami ko Fort Lauderdale ko Port Canaveral, nan ne fadar Carnival da Royal Caribbean da Norwegian. Abin da mutane ba sa lura da shi, jirgin zai fita daga Amurka ya je wasu ƙasashe ya dawo, dawowar nan kuwa shiga ce ta biyu a wajen jami'an shige da fice. A Yulin 2025 aka mayar da bizar ziyara ta ƴan Najeriya mai shiga ɗaya ta wata uku, kaga ko mutum ya samu ba lallai ta ɗauki irin wannan tafiyar ba. In kana da tsohuwar biza mai shiga da yawa da ba ta ƙare ba, ko kana zaune a can, to bismillah, sai dai ka tuna daga Yuni zuwa ƙarshen Nuwamba lokacin guguwar teku ne a yankin, shi ya sa farashi ke faɗuwa a Satumba da Oktoba. In ba haka ba ka ajiye Karibiyan a gefe tukuna, ba gudu za ta yi ba.

Bahar Rum ita ce inda na fi ganin mutanenmu suna dacewa, mu ma can muka yi. Bizar Schengen ake nema, wato bizar bai-ɗaya ta yawancin ƙasashen Turai, kuɗinta yuro 90 tun Yunin 2024, dole ka haɗa da inshorar lafiya da ta kai yuro 30,000, kuma ana iya shigar da takardu tun wata shida kafin tafiya, don Allah kar ka jira sai saura wata ɗaya don samun ranar ganawa ma kaɗai aiki ne. Amma ka zauna ka karanta jerin tashoshin da jirgin zai tsaya da idon basira. Akwai zagayen da gaba ɗaya cikin Schengen yake, Barcelona, Marseille, Genoa, Civitavecchia, Palermo, Valletta ta Malta a dawo. Akwai kuma wanda zai leƙa Tunis ko Kusadasi ta Turkiyya ko Kotor ta Montenegro, waɗannan ba Schengen ba ne, da zarar jirgi ya taɓa su ka fita kenan, komawa Italiya ko Girka sai da biza mai shiga da yawa, ga kuma sharaɗin ita ƙasar da aka leƙa. Kar ka ce ai ni ba zan sauka ba zan zauna a ɗakina. A ranar hawa ake duba takardun kowace tasha, in babu ba za su bar ka ka taka jirgin ba, kuma a ƙa'idarsu laifinka ne, sisi ba za a mayar maka ba. Na ga wani bawan Allah da iyalinsa tsaye gefen layi da akwatuna, yara suna ta kallon jirgin ta gilashi, shi kuma yana ta buga waya yana share gumi, har muka shige ba su motsa ba.

Sannan akwai biyu da ba a cika ambata ba. Kamfanin MSC na tashi daga Durban da Cape Town a Afirka ta Kudu daga wajen Nuwamba zuwa Afrilu, gajerun tafiyoyi na kwana uku ko huɗu zuwa Portuguese Island ko Pomene a Mozambik, masu ɗan tsawo su je Walvis Bay ta Namibiya ko tsibirin Mauritius. Ga mai son ya ɗanɗana ya ji ko cikinsa zai ɗauki teku wannan ya yi, sai ka tanadi bizar Afirka ta Kudu wadda za ta bar ka ka fita ka komo, da katin rigakafin shawara don suna tambayarsa ga wanda ya fito daga Najeriya. Na biyun shi ne yankin Larabawa lokacin sanyi, a shekarun baya MSC da Costa kan zagaya Dubai, Abu Dhabi, tsibirin Sir Bani Yas, Doha da Bahrain, teku a kwance, tashoshi kusa da juna. Sai kuma AROYA, kamfanin Saudiyya da ya fara tashi daga Jidda a Disambar 2024, ya kuma yi bazarar 2025 yana tashi daga Istanbul. Shi ba giya ba gidan caca, abinci halal ne duka, akwai wurin sallah. In da mahaifiyarka ko surukanka za ka tafi, gaskiya ni nan zan fara dubawa kafin ko'ina.

Na ce haka ne don akwai abin da ya kamata a faɗa wa mutum tun yana gida. Sauran jiragen nan an gina su ne don wasu mutane masu wata al'ada. Gidan caca yawanci a tsakiyar jirgi yake, sau da yawa sai ka ratsa ta gefensa kafin ka kai zauren wasanni, mashaya kuwa kusan kowane hawa akwai, saman jirgi wajen wurin wanka da rana kuma ba sai na yi bayani ba, kowa ya san shigar bakin ruwa. Ba wai ba za ka ji daɗi ba, mun ji sosai, jirgin yana da girman da za ka samu kusurwarka, mu bayan asuba muke hawa sama lokacin ba kowa sai masu wanke dandamali da tiyo da tsofaffi biyu uku masu tattaki, iska mai sanyi, ka ga gari yana matsowa a hankali. Amma ka san inda za ka. Abinci kuma in kana son naman halal sai ka nema tun makonni kafin tafiya a rubuce, wasu kamfanonin suna yi a wasu hanyoyin, wasu ba sa yi, in babu to kifi da ƙwai da taliya da kayan lambu sun ishe ka har ka ƙara ƙiba, sai dai ka riƙa tambaya ko an sa giya a miya don girkin Italiya da Faransa ba ya rabuwa da haka. Banɗakin ɗaki ɗan ƙarami ne, masai irin na jirgin sama mai zuƙa da ƙara, ba tiyon tsarki, ka saka ƴar buta ta roba a akwati. Alƙibla kuwa talabijin ɗin ɗaki na da tasha mai nuna taswira da inda jirgi ya dosa, da ita da manhajar waya muke gane gabas, in jirgi ya juya kuma a sake lissafi.

Su kansu kamfanonin kowanne da halinsa. MSC da Costa ƴan Turai ne, su suka fi araha a Bahar Rum, fasinjojin daga ko'ina, sanarwa ɗaya sai a yi ta da harsuna biyar ko shida, iyalai da yara da yawa musamman Yuli da Agusta. Wani abu mai amfani gare su, a zagaye ɗaya zaka iya hawa daga Barcelona ko Genoa ko Marseille, duk inda tikitin jirgin sama ya fi maka sauƙi ko ƙasar da ta ba ka biza. Royal Caribbean na masu yara da matasa ne masu son wasanni. Carnival shagali da hayaniya. Norwegian ba sa ɗaure ka da lokacin cin abinci ko tebur guda. Princess da Holland America da Celebrity sun fi natsuwa, manya sun fi yawa. Virgin Voyages ba sa ɗaukar wanda bai kai 18 ba kwata-kwata. Cunard kuwa, masu Queen Mary 2 da ke ƙetare Atlantika daga Southampton zuwa New York cikin dare bakwai ba tsayawa, sai wanda ya riga ya san yana son teku don kanta, ban ba mai farawa shawarar ya kulle kansa mako guda ba ƙasa ba. Kuma ko a kamfani ɗaya jirgi ya bambanta da jirgi, wanda aka ƙera 2004 ba ɗaya yake da na 2022 ba, ka duba sunan jirgin da shekararsa ba tambarin kamfani kaɗai ba.

Yanzu kuɗi. Farashin nan da kake gani da manyan lambobi a talla kuɗin na-gani-ina-so ne kawai, sadaki da lefe suna gaba. Da farko na mutum ɗaya ne bisa sharaɗin ku biyu ne a ɗaki, in kai kaɗai ne sau da yawa kusan kuɗin mutum biyu zaka biya. Sai harajin tashoshi. Sai kuɗin hidimar ma'aikata da ake ɗora wa kowane fasinja kowace rana, daga wajen yuro 12 zuwa dala 20 ko fiye gwargwadon kamfani da irin ɗaki, ka ninka da yawanku da yawan kwanaki ka ga abin da ya zama. Lemon kwalba da ruwan gora da kofi mai kyau duk saye ake, intanet saye ake kuma da tsada, yawon gari in an tsaya shi ma daban. Akwai tarkon da ya shafe mu musamman: tayin da ake haɗawa da abin sha kyauta, rabin darajarsa giya ce da ba za ka sha ba, ka nemi na marasa giya ko ka bar shi gaba ɗaya, ruwa da shayi a wajen cin abinci na ɗiba-da-kanka kyauta ne. Waya kuma da an bar tasha ka sa ta a yanayin jirgin sama, in ta kama layin tauraron ɗan adam na cikin teku kuɗinka ne zai ƙone kana barci.

Ɗaki iri huɗu ne, na ciki marar taga, mai taga da ba a buɗewa, mai baranda, sai manyan na masu hali. Nan ni da Hajiya muka sha muhawara, ni ina cewa barci kawai za mu yi a ciki me za a yi da baranda, ita ta ce "Abban yara, in ka ga na shiga ɗakin da ba taga to ɗaukata aka yi." Ita ta yi nasara kuma na ga amfanin hakan, don mace mai lulluɓi baranda ce wurin da za ta zauna ta sha iska ta kalli teku ba tare da ta shirya kamar mai fita unguwa ba, ga sanin lokacin sallah da ido, a ɗakin ciki ƙarfe biyun rana da biyun dare duk duhu ɗaya ne. Amma in zagayen kullum akwai tasha kuma aljihu ya matse, na ciki ba abin kunya ba ne. Mai tsoron jiri da amai ya zaɓi tsakiyar jirgi a hawa na ƙasa-ƙasa, can ne girgiza ta fi sauƙi, gaba da can sama su suka fi lilo. Ka buɗe taswirar jirgin ka ga me ke samanka me ke ƙasanka, ɗaki ƙarƙashin wurin rawa ko kicin ba barci. Akwai farashi mai rahusa da za a ce kamfani ne zai zaɓa maka ɗaki daga baya, araha ba ta ado, in ku da yawa ne za a iya watsa ku hawa daban-daban.

To ta ina ake biya? Hanya uku ce. Ko kai tsaye a shafin kamfanin, ko manyan shafukan dillalai na intanet irin su Expedia da Vacations To Go, ko ejan mai ofis da zaka iya zama gabansa. Mutane na ɗauka kai tsaye ya fi araha tunda ba ɗan tsakiya, amma a harkar nan ba haka ba ne, farashin yawanci ɗaya ne don kamashon ejan daga aljihun kamfani yake fita, wani ejan ɗin ma ya kan yanko daga kamashonsa ya saka maka ɗan kuɗin kashewa a cikin jirgi. Kai tsaye daɗinsa komai na hannunka, ka canza ɗaki da kanka ka kira su da kanka, wahalarsa biya, katin naira da iyakarsa ba lallai ya ɗauki irin wannan kuɗin ba, sai katin dala na asusun waje, kuma shi ɗin dai zai yi maka amfani a cikin jirgi tunda ba a ciniki da tsabar kuɗi, katin ɗakinka ne kuɗinka, a riƙe wani abu a katin banki tun ranar farko. Manyan shafukan kuma suna da kyau wajen kwatanta farashi da ranaku, ni da su nake bincike, amma wasu tayin nasu na mazauna Amurka da Kanada ne kawai, kuma in matsala ta taso kamfanin jirgi zai ce maka koma wajen wanda ya sayar maka, shi kuma yana wata nahiya ana ta sa maka kiɗa a waya.

Ga mai farawa ni ejan nake cewa, da sharaɗi. Ba kowane mai sayar da tikitin Umara ne ya san jirgin ruwa ba, harka ce daban. Ka tambaye shi jirage nawa ya taɓa sayarwa, wane hawa zai ba ka kuma don me, wace biza kowace tasha ke so, in ya fara kame-kame yana "ranka ya daɗe ai duk za mu yi" ka tashi. Ka duba ko yana da rajista da NANTA, ƙungiyar kamfanonin tafiye-tafiye ta Najeriya, ka biya a asusun kamfani ba na mutum ba, ka karɓi rasit. Abu mafi muhimmanci, cikin kwana ɗaya ko biyu ya ba ka lambar rajistar da kamfanin jirgin ya fitar, ka shiga shafinsu ko manhajarsu da kanka ka saka ta da sunanka, ka ga ɗakinka ka ga nawa aka biya nawa ya rage. In ya ce sai an kusa tafiya lambar za ta fito, kuɗinka bai bar hannunsa ba.

Sai kafin alƙalami, wanda a nan biza ta sake shigowa. Ofishin jakadanci na son ganin shaidar ka kama ɗaki kafin su ba ka biza, kai kuma ba ka son zuba miliyoyi kafin ka san za su ba ka. Mafita ita ce ka kama da wuri, wata shida zuwa tara, da irin farashin da ake mayar da kafin alƙalami in an fasa ko da ya ɗan fi tsada, ka nemi biza da zarar lokacin shigar da takardu ya yi, ya zama amsa ta fito kafin ranar cika kuɗi wadda yawanci kwana 60 zuwa 90 ne kafin tashi, wasu har 120. Bayan wannan ranar tarar fasawa hawa take yi har ta cinye kuɗin duka. Rahusar minti na ƙarshe da ake ta yabo ta masu fasfon da ba ya neman biza ce. Janairu zuwa Maris ne kamfanoni suka fi sakin tayi, lokacin ya dace da mai shirin tafiyar Satumba ko Oktoba, Bahar Rum ta rage zafi, ƴan makaranta sun koma.

Ka karanta sharuɗɗan ko da sama-sama. Kamfani na da ikon canza tasha ko soke ta saboda iska ko tsaro ba tare da ya biya ka diyya ba, an gani a Bahar Maliya tun ƙarshen 2023 da hare-haren ƴan Houthi na Yemen suka sa aka soke tafiyoyi wasu jiragen suka zagaya ta ƙasan Afirka. Mai ciki da za ta shiga mako na 24 ba sa ɗauka, jarirai ma da yawansu sai sun kai wata shida. Fasfo ya zama da sauran aƙalla wata shida. Dutsen guga da butar lantarki ƙwacewa ake a ƙofa. Likitan jirgi kuɗi ne masu yawa, ka tabbata inshorarka ta ambaci tafiyar teku. Atisayen ceto na ranar farko dole ne kowa ya yi kafin a tashi, an tsaurara shi bayan Costa Concordia ya kife a gaɓar tsibirin Giglio a Janairun 2012 mutum 32 suka rasu, kar ka ɓuya a ɗaki, da katinka suke ƙirga wanda ya zo.

Jirgin sama kuma kar ka sa shi ya sauka ranar da na ruwa zai tashi, ka isa kwana ɗaya kafin nan ko biyu ka kwana a otal, jinkirin awa uku a Istanbul ko Addis Ababa ko akwati ya maƙale a hanya ya isa ya rusa komai, su ba sa jiran kowa. Haka a kowace tasha, lokacin da aka rubuta a ƙofar fita shi ne, kuma agogon jirgi ake bi ba na gari ba. In ka bi yawon da jirgin ya shirya kuka makara za a jira motarku, in da kanka ka fita to kai ka sani. Tashar da ake rubuta wa Roma ma ba Roma ba ce, Civitavecchia ce, wajen kilomita 80 tsakani, sama da awa ɗaya a jirgin ƙasa, a irin wannan wurin na fi son in biya tsadar motar jirgi, a Valletta ko Palermo kuwa da ƙafa zaka shiga gari, ba ka buƙatar kowa.